Abin da Na Zuba a Kwanon Haidar

Largo, Amurka, ranar Lahadi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yata Nafisa,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ku kun sauka lafiya, ke da baban Haidar da angona Haidar. Tafiyar mota daga nan zuwa Minnesota ba wasa ba ce, balle da yaro ɗan wata goma sha uku ɗaure a kujerar baya. Allah ya kiyaye hanya, ya sa kun shiga sabon gida a sa'a, ya haɗa ku da maƙwabta nagari.

Na cusa takardar nan a ƙasan kwalin da na zuba miki kuka da daddawa, don na san ba za ki buɗe shi ba sai kun isa. Da gangan na yi. Na so in yi miki saƙon murya, amma na san halinki, za ki danna abin nan ki sa muryata tana gudu kamar ta kwandasta a tasha, sannan ki ce kin ji. Hausa a rubuce kuwa dole ki zauna ki bi ta a hankali, kina motsa baki yadda kika saba.

Akwai maganar da na ɓoye miki game da abincin Haidar. Ta shafi lafiyarsa, kuma in kin ji ta, ƙila ki daɗe ba ki ɗaga wayata ba. Na gaji da ɗaukar ta, Nafisa. Na gaji da abubuwa da yawa, ƙafafuna ma yanzu kumbura suke in na taso daga aiki, amma wannan ta fi su nauyi. Zan zo kanta. Sai dai ki bari in fara da yadda na kai ga aikata ta, ba don in wanke kaina ba, don kada ki bi ta inda na bi.

Ke kin bar cin nama da kaza da kifi tun kina jami'a, kika kuma yanke cewa a haka za ki reni ɗanki: wake, ƙwai, madara, ganye da hatsi. Mijinki ya amince. Ni ce kawai na yi ta ɓaɓatu a gidan nan har kowa ya gaji da ni. Abin da ban taɓa gaya miki ba shi ne, na riga ki renon yaro ba nama. Bambancin dai ke da saninki kike yi, ni kuwa da jahilci na yi.

Shekarar da muka zo ƙasar nan daga Zariya, yayanki yana da wata tara. Ɗaki da falo muka samu a Silver Spring, hawa na shida. Abbanku yana tuƙin tasi, ni ina zaune daga ni sai yaro sai taga, ban san kowa ba, Turancina bai wuce na gaisuwa ba. Sai na ci gaba da renonsa yadda na ga ana yi a gidanmu. Da safe koko, da rana shinkafa da mai ko tuwo da miya. Naman miya na kwanon maigida ne, yaro sai dai romo. Ƙwai kuwa ban taɓa ba shi ba, domin Inna, Allah ya jiƙanta, ta ja min kunne tun kafin in hau jirgi cewa yaron da ya saba da ƙwai zai tashi da ɗauke-ɗauke. Ga ƙwai cike da firij, Abbanku yana soya uku kowace safiya, yaro yana bin sa da ido, ni kuma ina jin na yi tarbiyya. Abin da na fi ɗura masa shayi ne da madara a fida, da zarar ya yi ƙorafi sai in miƙa masa, wuni guda yana tsotsa.

Ya yi ƙiba abinsa, kumatu luhu-luhu, ina ta aika hotuna gida ana sa albarka. Sai dai ba ya son wasa. Ya yi taku biyar ya nemi wuri ya zauna. Sau biyu na kama shi yana cin ƙasar tukunyar fulawar da ke bakin ƙofar bene, na buge masa hannu na ce ƙiriniya ce.

Hajiya Memuna ce ta gano shi, maƙwabciyarmu 'yar Kumasi, wadda daga baya ta samo min aikin kula da tsofaffin da nake yi har yau. Ta shigo aron taɓarya, ta kalle shi, ta ajiye maganar taɓarya. Ta durƙusa ta ja fatar idonsa ƙasa.

"Ei, ƙanwata, yaron nan ba shi da jini. Zo ki duba, fari fat."

Na ce, "Hajiya, ai fari ne, babansa ya biyo."

"Ba farin fata nake faɗa miki ba. Ɗauko mayafinki."

A bas muka je asibitin yara. Aka ɗebi jininsa, nas ta zauna da takarda tana tambaya, Hajiya tana fassara min.

"Ta ce me yake ci?"

"Ki ce mata yana cin komai."

"Ta ce ki lissafa komai ɗin."

Na fara lissafi da yatsu. Koko, shinkafa, tuwo, shayi. Na tsaya da babban yatsana a miƙe, na rasa abin da zan ɗora masa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Wata da watanni muna ɗiga masa maganin ƙarin jini, yana kuka ina kuka, haƙoransa suka yi duhu kafin su washe. Bai yi magana da wuri ba, kuma ban sani ba ko wannan ne ya jawo ko haka Allah ya yi shi. Ga shi yau da gemu da 'ya'ya biyu, amma in ya ce min ya gaji sai gabana ya faɗi.

Don haka ki ji ni da kyau. Ƙoshi daban, gina jiki daban, kuma ƙiba ba ta nuna jini. Cikin yaro ɗan ƙarami ne, in kin cika shi da shinkafa da ruwan miya da madara, babu wurin da abu mai amfani zai shiga. Likitarku ta ce yaro zai iya tashi lafiya ba nama in an tsara abincinsa, kuma yanzu na yarda, amma kalmar "in an tsara" ita ce dukan aikin. Kullum ya samu wake ta wata hanya: alale mai laushi, faten wake, ƙananan jajayen waken nan da kike saya, ko awara, wadda ku kuke saye a leda da tsada kuna kiranta da wani suna. Ki haɗa masa da lemo ko tumatir ko mangwaro a zama ɗaya, sun ce hakan yana taimaka wa jiki ya ɗauki abin da ke gina jini. Ki sa mai a abincinsa, ki dama masa kunun gyaɗa, amma gyaɗa ɗai-ɗai kada ta kusance shi, tana shaƙe yaro. Zogale da alayyafo ki dafa su lugub ki murje. Shayi kuwa ki hana, ko da wata tsohuwa ta ce ai ɗan kaɗan ne. Madarar shanu ma da iyaka, in ta yi yawa ita ke kashe masa cin abinci, a kan yayanki na gani.

Na ji kina gaya wa ƙawarki a waya cewa kina tunanin barin ƙwai da madara su ma. In ke za ki bari, jikinki ne. Shi dai kada ki cire masa sai kin zauna da likita, domin akwai bitamin B12 da ba a samu a wake ko ganye, kuma rashinsa yana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Ruwan hatsin nan na kwali da ake kira madara ba ya tsaya wa ƙaramin yaro a madadin nono ko madarar jarirai. Wannan ba ra'ayina ba ne, na tambayi nas-nas ɗin wurin aikinmu har sun fara guduna a lokacin cin abinci.

Da aka haife ki, sai na koma ɗaya gefen gaba ɗaya. Na rantse ba za a sake ja wa ɗana fatar ido ba. Tun kafin haƙoranki su gama fitowa nake tauna nama ina tura miki. In kin kawar da kai in matse miki kumatu. Ba kya tashi daga tabarma sai kwano ya koma fes, ko da za mu kai la'asar a zaune.

Kin tuna babbar Sallar da kike shekara bakwai? Na san kin tuna, ko da yake ba mu taɓa yin maganarta ba. Mako guda kafin Sallah muka je gonar nan da ke bayan gari don zaɓen rago. Kika maƙale wa wani mai baƙin kunne, kika yi ta ba shi ciyawa ta cikin shinge, har kika raɗa masa suna. Abbanku ya ga kina sonsa, shi ne ya saya, a zatonsa faranta miki yake yi. Ranar Sallah da za a yanka kika ruga mota. Ni na je na jawo ki. Na tsayar da ke a gabana, na dafa kafaɗunki, na ce sai kin gani, don kada ki tashi irin yaran ƙasar nan da suke zaton nama a leda yake tsirowa. Abbanku ya ce, "Ki bar ta mana, yarinya ce." Na ce masa ni ma a shekarunta na gani, ban mutu ba.

Da muka dawo gida na soya hantar, kamar yadda ake fara yi, na sa miki yanka ɗaya a baki. Ba ki tofar ba, ba ki haɗiye ba. Kika ajiye ta a kunci, kika zauna a kan matakala cikin kayan Sallarki, baƙi suna shiga suna fita suna cewa yarinyar nan akwai kunya. Sai da rana ta yi sanyi yayanki ya zo ya ce min har yanzu tana bakinki.

Shekaru bayan haka da kika dawo hutu daga jami'a kika ce kin bar nama, na ɗora wa ƙawayenki laifi, na ɗora wa waya, na ɗora wa Amurka. Har wajen malamin masallacinmu na kai ƙararki. Ya saurare ni ya ce, "Hajiya, ta ce haram ne?" Na ce a'a, ta ce dai ba ta so. Ya ce, "To ai babu laifi a kanta. Ki je ki dafa mata wake." Na fito ina jin haushinsa. Ko sau ɗaya ban zauna na ce ƙila hannuna ne a kafaɗarki ya jawo ba. Ba na cewa shi kaɗai ne dalilinki, kin ba ni dalilai da yawa na tausayin dabbobi da sauransu, kuma naki ne. Amma na san nawa kason.

Abin da zan ce miki a nan gajere ne. Kada ki yi wa Haidar da wake abin da na yi miki da nama. Yaro yakan ƙi abu sau da yawa kafin ya karɓa, ki ajiye masa ki kawar da kai, gobe ki sake. Kuma wata rana zai miƙa hannu kwanon babansa a gidan suna ko gidan Sallah, ya ɗauki tsoka. Ranar kada ki ɗaure fuska, kada ki sa ya ji ya ci amanarki. Ki bar shi ya tauna, in kun koma gida ku yi hira.

To, ga maganar.

Da Haidar ya cika wata takwas kika koma aiki a Washington, ni kuma na mayar da aikina ƙarshen mako da Talata da Alhamis, don in riƙe shi Litinin da Laraba da Juma'a. Kullum kafin ki fita ki kama jirgin ƙasa sai ki jera min 'yan robobi a firij, kowace da takarda manne: wannan na safe, wannan na rana. Na buɗe na farko na ga wake da dankali da ganye, sai na ga fuskar yayanki a kan bencin asibiti. Ban yi shawara da kowa ba. Na goya Haidar na je shagon naman halal na sayo hanta. Na dafa ta, na murje da bayan cokali, na zuba cokali biyu a cikin abincin da kika haɗa. Ya cinye tas yana buga hannu a tebur, ni kuwa na ji kamar na ceto shi daga wuta.

Daga ranar ban fasa ba. Da wata nas a wurin aiki ta ce min hanta a kai a kai ba ta da kyau ga jariri, sai na mayar da ita sau ɗaya a mako, sauran ranakun biyu in sa niƙaƙƙen naman sa. Kafin ki sauko daga jirgi na wanke tukunya, na buɗe tagogi, na kunna turaren wuta. Kina shigowa kina cewa gidan Mama kullum ƙamshi. Ranar da kika shinshina wuyan rigarsa kika ce, "Mama, me ya sa yake warin nama?" na ce ni na ci na ɗauke shi ban wanke hannu ba. Ƙarya na yi miki, ina kallon idonki.

Da a nan abin ya tsaya, wallahi da na tafi da shi kabari. Amma kin tuna likitarsa ta ce gwajin jinin da za a yi masa in ya shekara shi zai nuna ko abincinsa ya wadatar, ko sai an haɗa masa da maganin ƙarin jini. Aka yi, ya fito da kyau. Kika shigo kicin da takardar a hannu, ko jaka ba ki ajiye ba.

"Mama, kin gani? Kin gani? Ta ce jininsa lafiya lau, ba ya buƙatar komai. Ta ce mu ci gaba da abin da muke yi."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Kika manna takardar a jikin firij, kika rungume ni ta baya ina wanke-wanke. Kika ce da Turancinki kin san abin bai kwanta min ba, amma na girmama ra'ayinki, kuma ba za ki manta ba. Na ci gaba da cuɗa kwanon da na riga na wanke.

Nafisa, wannan takardar ba shaidar abincinki ba ce kaɗai. Jinin da aka gwada akwai hannuna a ciki, wata huɗu cur. Likitar ta ce a ci gaba da abin da ake yi, alhali ba ta san abin da ake yi ba, ke ma ba ki sani ba. Mai yiwuwa abincinki shi kaɗai ya isa, na ga yadda kike aunawa kina karantawa, kin fi ni kula nesa ba kusa ba. Mai yiwuwa kuma bai isa ba. Ni na ɓata hanyar da za a gane. Yanzu ga shi kun tafi, babu hanta, babu magani, kina riƙe da takardar da za ta sa ki saki jiki, a daidai shekarun da yayanki ya yi fari a hannuna ina aika hotuna gida.

Abbanku bai sani ba sai shekaranjiya, kada ki haɗa da shi. Yana naɗe tabarmar sallah na gaya masa. Ya ce, "Ki faɗa mata kafin su tafi." Na shiga ɗakinku har sau uku kina ɗaure kwalaye, na tsaya na tambaye ki ko kina buƙatar igiya, na fito. Tsoro na ji. Na ji tsoron ki ɗauke shi daga hannuna a kwana biyun da suka rage min da shi, sai na zaɓi kwana biyun. Wannan ma son kai ne, na sani.

Ga abin da nake roƙonki. Da zarar kun samu sabon likitan yara, ki gaya masa gaskiya duka, kada ki rufa min asiri. Daga wata takwas zuwa Juma'ar da ta wuce, sau uku a mako, cokali biyu na shayi a cike, makonni uku na farko hanta zalla, bayan nan hanta sau ɗaya, naman sa sau biyu. Ki ce masa gwajin da ke cikin fayil ɗinsa a kan haka aka yi shi. Jini ba ya sauka rana ɗaya, don haka shi zai faɗa miki lokacin da ya dace a sake gwadawa, da ko za a fara ba shi wani abu kafin nan. In ya rubuta magani ki ba shi, ko yana kuka. Kafin lokacin ki riƙa duba cikin fatar idonsa da tafin hannunsa da rana a bakin taga. In kin ga ya rage wasa, ko yana kai ƙasa ko takarda baki, kada ki jira ranar da aka ba ku.

Ban ce ki ba shi nama ba. Na daina wannan faɗan, ba ni da bakin yin sa kuma. Ɗanki ne, ke Allah ya ba amanarsa, ni aro aka ba ni na kwana uku a mako, na kuma yi abin da na ga dama da shi. In kun zo hutu kika ce ba za ki bar ni da shi ni kaɗai ba, ba zan yi gardama ba. In kin ce sai kina tsaye zan ba shi abinci, zan ba shi kina tsaye. In ma fushin ya kai ki ƙi kira na, ki yi, ina da haƙurin jira. Amma ranar da sakamakon ya fito ki gaya wa Abbanku, shi zai gaya min.

Ki gaida min baban Haidar, ki ba shi haƙuri, shi ma na ci amanarsa a cikin gidana. Ki shafa min kan angona. Abbanku yana gaishe ku, yayanki da iyalinsa ma haka.

Allah ya tsare ku daga sanyin wancan garin da sharrin hanya da na mutane. Allah ya raya Haidar, ya cika masa jini da lafiya da imani, ya sa ya ji ƙanki. Allah ya yafe min, ya sanyaya zuciyarki a lokacin da ya so. Kuma duk wadda za ki miƙa wa shi a can in za ki fita aiki, Allah ya sa ta fi ni riƙon amana.

Wassalam.

Mahaifiyarki